Fararen Ɗigo a Ƙwaƙwalwar Tela

Tela na cikin ɗinka riga sai ya bi da keke ya rufe bakin hannunta ruf, kamar buhu. Tsohon Direba, maƙwabcinsa, yana kan benci a ƙofar shago, ya kwashe da dariya.

"Rigar mai dungu ce? Tashi in koya maka ɗinki."

Tela bai yi dariya ba. Ya juya rigar yana kallo kamar wani ne ya ɗinka ta. "Ba yau farau ba, Direba. Kuma ba na jin lokacin da nake yi."

Direba ne ya raka shi asibiti, tare da Auta, 'yar Tela. In ba shi ba wa? Mutumin da babbar mota ta kife da shi a kan gada ya fito yana kakkaɓe riga. Kwalara ta kwashe abokan ɗakinsa, ta bar shi yana neman ƙarin abinci. Bai taɓa zama a aji ba, amma ba ofishin da ya shiga ya fito hannu rabbana.

Aka tura Tela cikin wata na'ura mai kama da bututu. Daga baya likita ta nuna musu hoton ƙwaƙwalwarsa, da wasu fararen ɗigo a warwatse.

"Ƙananan jijiyoyi ne suka toshe, Baba, ɗaya bayan ɗaya. Irin shanyewar jiki ce mai zuwa shiru, mai ita bai sani ba. Akwai wanda ya yi haka a danginku?"

"Mahaifina. Da yayana."

"Wani lokaci yana bin jini." Ta dubi Auta. "Ke ma ya kamata a duba ki."

"To a goge su mana, likita," in ji Direba. "Injin da ya fi wannan datti na wanke."

"Ba sa goguwa, Baba. Sai dai mu yi ƙoƙarin hana ƙari."

Daga nan Tela ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Zare ya daina shiga masa allura, ƙafa ta fara ja, kalmomi suka riƙa ɓace masa a tsakiyar magana. Wata rana da hantsi ya kamo gefen rigar Direba.

"Auta... ka kai ta. Kai ake jin maganarka."

"Ni? An gama. Ko a kafaɗa zan ɗauke ta."

Tela ya cika a ɗakinsa na bayan shago, da safe, Direba na riƙe masa kofin ruwan da ya kasa haɗiya.

Da aka share makoki, Direba ya sa Auta a gaba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ba ta labarin gadar nan har ta haddace. Da ƙyar ta biyo shi tashar mota, suka zauna a kan dakali.

"Baba Direba, in sun ga ɗigon a kaina, me za su yi min?"

"Magani mana, 'yar nan."

"Babana ma sun ba shi." Ta sunkuyar da kai. "Yanzu dai ina barci. In na gani, duk allurar da ta faɗi daga hannuna sai in ce ga ciwon ya zo."

Direba ya mai da ido kan titi.

Motar da ke bi ta asibiti ta taho tana rage gudu. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Auta ba ta motsa ba. Kwandasta ya leƙo, ya dubi tsohon, ya dubi yarinyar, ya jira kaɗan, sannan ya buga jikin motar.

Hannun Direba na sama har motar ta sha kwana.