Ƙararrawa Mai Baki Takwas

A bakin rumfar walda aka ƙulla cinikin, a tsaye.

"Ƙararrawa nake so," in ji shugaban makarantar da ke bayan katanga. "Tamu ta tsage, in an buga kamar an taka gwangwani."

Mai walda ya ture baƙin gilashinsa zuwa goshi. "Kyauta zan yi maka, Malam. Ladana, ka ba jikata benci a aji."

Shugaba ya dubi yarinyar da ke zaune kan tsohuwar taya, silifas ɗinta ɗaure da waya. Shekararta tara, makauniya ce tun haihuwa.

"Baba, ba mu da littafin makafi. Me za ta gani a allo?"

"Kunne za ta kai muku."

"To, mako ɗaya. In malamar aji ta yi ƙorafi, yarinya ta dawo gida, ƙararrawa ta zauna."

Suka tafa. Shugaba ya tafi da murmushin wanda ya yi wayo.

Tsohon ba a banza ya yarda ba. Duk ƙarfen da ya liƙa, ƙwanƙwasa shi yake yi a gabanta. In ta ce, "Kaka, da tsaga a ciki," to da tsaga. Shi ya sa yake ce mata Injiniya.

Ya yanko bututu ɗaya, ya buga. Ta karkata kai.

"Yanko wani, wanda bai kai wannan tsawo ba."

"Ke, ƙararrawa aka ce, ba ƙyauren gida ba."

"Haba angona, rowar ƙarfe za ka yi mini?"

Kwana biyu yana yanka yana gogewa, tana cewa rage kaɗan, ƙara ragewa, tsaya nan. Sai da bututu ya kai takwas ta bar shi ya huta. Bai san me take nema ba.

Ranar Litinin da safe ya rataye su a jere a jikin bishiyar makaranta, yara na kan layi suna ƙus-ƙus. Injiniya ta laluba, ta karɓi ƙaramar gudumarsa, ta buga.

Waƙar da yaran ke yi kowace safiya ce ta fito daga ƙarfen, tsaf, babu gargada. Shekara uku tana jin ta ta kan katanga. Har mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. Can wata 'yar aji ɗaya ta ɗauki waƙar, sai duk makarantar ta amsa.

Tsohon ya dubi bututun da ya rataye. Shekara arba'in yana dukan ƙarfe, bai taɓa sanin akwai wannan a cikinsa ba. Ya sauke baƙin gilashin kan idonsa, alhali babu wuta a wurin.

Ranar Juma'a malama ta kawo ƙorafinta: an ajiye yarinyar a bencin baya, ita a gaba take son ta, don lissafin da 'yan aji ke lalube ita tun a kan taya ta haddace shi.

Shugaba ya samu ƙararrawa da mai buga ta. Injiniya ta samu benci. Mai walda ne ya yi asara: yanzu in ya ƙwanƙwasa ƙarfe, sai ya waiwaya wajen tayar nan, babu mai gaya masa inda tsaga take.