Buhunan da Ba Su Kai Shagari Ba

"Ba ni raba su, Yallaɓai," in ji Sa'adatu.

Malam Haliru, shugaban shirin yaƙi da tsutsar gero, ya tsaya a ƙofar ɗakin kiwon yana dubanta kamar bai ji ba. A ɗakin nan na Bodinga take kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Macensa kan harbi tsutsa ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Akan zuba zanzaron da tsutsotsin kiwo a 'yan buhunan algarara, a rataye a gonaki. Idan sabbin zanzaro suka fito, sai su bi murzuna, tsutsar da ke sassaƙe zangarniyar gero.

Bana zafi ya kashe mata tsutsotsin kiwo da yawa. Zanzaro kam ga shi nan birjik. Shi ya sa Malam Haliru ya ce ta raba tsutsotsin kowane buhu biyu, zanzaron kuma a zuba yadda aka saba, buhunan su ishi Bodinga da Shagari.

"In uwaye sun yi ma tsutsa guda yawa, duk kanta za su zuba ƙwai," ta ce. "Ɗiyan su cinye ta tun ba su ƙosa ba. Wasu su mutu, saura su fito ƙanana, ba su ko iya tashi su kai ga zangarniya. Buhu za mu kai ma mutane ko magani?"

"Malama mai digiri! Ni da nay yi ma mutane alkawali fa?"

"Kai kay yi, ba ni ba."

Ya gyara hularsa. "To, madalla. Bodinga anka fara rubutawa, su za a ba. Shagari kuwa, ke za ki tafi ki gaya musu da bakinki."

Ya san inda ya taɓa. A wani ƙauye na Shagari Kawu Malami yake, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya tsaya mata har ta gama jami'a lokacin da dangi ke cewa karatun ya isa haka.

Ta shiga mota ta tafi. Ta same shi a gona, geron ya fara fitar da kai. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya yi ta dariya yana leƙa bayanta.

"Uwar ƙwari! Ina yaran naki? Na ma kafa sandunan ratayewa."

Ta duba, ga su kuwa a tsaye, har da 'yar rumfar kara a kan kowace saboda ruwan sama. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

"To ki ban guda, ɗiyata. Guda ɗai."

"Kawu, buhu guda ba ya riƙe gona. Sai an kewaye gari da su. In na zare daga na Bodinga, su su rasa, kai ma ka rasa."

"Raunanan fa? Da babu ai gara su."

A ɗakin kiwo ta sha ganin abin da cunkoso ke yi, amma ba za ta iya rantsuwa cewa ko ɗaya ba zai kai ga zangarniya ba. Abin da ta tabbata shi ne, idan aka raba, buhunan Bodinga ma sun lalace, kuma manomin da ya rataye buhu bai ga amfani ba, ba zai sake karɓa ba.

"Ba ni iyawa, Kawu."

Bai yi faɗa ba. Ya je ya tuge sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su, ya saɓa a kafaɗa.

Daga nan damina ta yi mata tsawo. Inna, mahaifiyarta, ta daina tambayarta labarin aiki. Malam Haliru ba ya shiga ɗakin sai dai ya aiko. Ita kuwa kullum tana nan, tana tankaɗe dusar da tsutsotsin kiwo ke ci, tana ware tsutsotsi da ɗan buroshi, kanta a sama. In kuka ya zo mata, takan juya wajen kwalaben kiwo har ya wuce.

Da kaka ta koma ƙauyen. Tun daga bakin hanya ta ga zangarniyoyi da zanen murzuna ya naɗe su, ƙwayar ta zube. Ta murza ɗaya, ƙaiƙayi ya cika mata hannu. A gonakin Bodinga an samu sauƙi, ba duka ba.

Kawu Malami yana ɗaurin dami a gindin gawo. Ya amsa gaisuwarta a taƙaice, ya kira ta Sa'adatu, bai ce uwar ƙwari ba. Ta sunkuya ta kama masa igiya, bai hana ta ba, bai kuma dube ta ba.

Da za a sake, abin da za ta yi ke nan. Amma geron Kawu ba zai kai su bazara ba, kuma duk gidan sun san ita ce ta ce a'a.