Haɓar Malama

Malamar kiɗa ta wayi gari da wuya a ƙage. Kwanciya ce ta zo mata a karkace, kai ba ya zuwa dama, ba ya zuwa hagu, balle sama. Ga shi kuma ranar ce shugabar makaranta za ta zauna a ajinta, ta ga ko za a bar darasin kiɗa zango mai zuwa, ko a miƙa lokacin ga malamin lissafi, wanda ya daɗe yana lasar baki a kansa.

Ba ta wani damu ba. Tun farkon shekara take ja wa 'yan aji biyu layuka biyar a allo, ta jera musu alamomin nan da suke kira cokula, ta nuna da rula, su kuwa su rera do, mi, so, ba tuntuɓe. Har ta sha faɗa a ɗakin malamai cewa yaranta sun iya karatun kiɗa tun ba su iya ɗaura igiyar takalmi ba.

Shugaba ta zauna can baya a kan kujerar yara, gwiwoyi na neman taɓa ƙirji. Malama ta zana sabon layi, ta juyo gaba ɗayanta kamar wadda ta haɗiye taɓarya, ta ɗora rula a kan cokali na farko.

Shiru.

"To, mu je mana."

Sai aka ɓarke, wani sama, wani ƙasa, kamar an shiga akurkin kaji. Ta tsayar da su, ta sake nunawa. Idanu duk suna kanta, babu mai kallon allo.

Wata yarinya mai giɓi a layin gaba ta ɗaga hannu. "Anti, ai ba ki yi ba."

"Ban yi me ba?"

"Haɓarki."

Kafin Malama ta ce uffan yarinyar ta miƙe, ta fuskanci 'yan'uwanta. Ta sunkuyar da haɓa, ajin ya ce do. Ta ɗan ɗaga, suka ce mi. Ta ɗaga sosai har da ɗage gira, suka ja so, suka riƙe shi sai da girar ta sauka. Ko ɗaya bai kuskure ba.

"Haka kike yi mana kullum," in ji yarinyar, tana jiran a yaba mata.

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ba ta taɓa sanin tana yi ba. Ta tuna bakin da ta cika a ɗakin malamai, ta tuna iyayen da suka yi ta yi mata godiya a bakin ƙofa. Ko sunkuyar da kai don kunya wuyan ya hana ta. Dole ta tsaya tana kallon Shugaba, wadda ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

Da aka tashi, Shugaba ta tsaya da ita a baranda.

"Karatu kam sun iya, Malama. Sai dai ke suke karantawa."

"Ranki ya daɗe, wallahi ban sani ba."

"Na yarda. Da kin sani ai da wuyan bai tona ki ba." Sai ta ƙara da cewa, "Cikin darasi biyun da kike da su a mako, ɗaya zai koma lissafi. Ɗayan na bar miki, ki koyar da allon."

Malama ta ce ta gode, muryarta can ƙasa.

Da mako ya zagayo wuya ya saki. Ta zana cokali guda ɗaya tak, ta ajiye alli, ta wuce bayan aji ta tsaya. Kawuna suka juyo gaba ɗaya suna nemanta.

"Ba ni ba. Allo."

Suka juya ba da son ransu ba. Can wani ya ce, a tsorace, "So?"

"A'a," in ji ta. "Fara daga layin ƙasa, ka hau a hankali."