Goyon Kafinta

Katakon da Magini ya taka ne ya karye, ya faɗo daga hawa na biyu da cokalin gini a hannunsa. Nan da nan ma'aikata suka rufu a kansa. Wannan ya ja ƙafa, wancan ya zaunar da shi yana jijjiga shi, wai kada jini ya kwanta. Amininsa Kafinta, abokin cin kwano ɗaya shekara ashirin, ya ture kowa, ya goya shi, ya ruga bakin titi.

*

A asibiti, likita ta daɗe tana duban hoton ƙashin bayan Magini.

"Da ya faɗi, yana motsa ƙafa?"

"Ƙwarai, har shurina ya yi," in ji Kafinta.

"Yaya kuka kawo shi?"

"A bayana, likita."

Ta sauke hoton a hankali. "Ƙashin tsagewa kawai ya yi. Da kun kwantar da shi a kan faffaɗan katako ba ku lanƙwasa shi ba, da lakar ba ta tsinke ba."

Katako kuwa, ga shi nan jibge a wurin aikin, Kafinta ne ma ya yanka shi. Garin neman gira an rasa ido.

*

Wata biyar ke nan Magini yana kwance. Masu dubiya sun yi sati biyu suna cika ɗaki da "Allah ya sawwaƙe", sannan kowa ya kama gabansa. Bai damu da su ba. Mutum ɗaya yake jira, kuma kewarsa ta fi gyambon kwanciyar ciwo.

"Ki ce wa Kafinta wallahi ban riƙe shi a rai ba," ya ce wa matarsa. "Ya zo ko tsiya ce ya yi mini."

"Na faɗa, Maigida. Sunkuyar da kai yake yi."

Ranar wata Laraba da hantsi aka buga ƙofa. Kafin ta fita mai bugun ya tafi. Ta turo wata kujera mai taya, sabuwa fil, an goge katakonta sumul, an yi mata matashi daidai ƙugu. Magini ya shafa hannun kujerar, ya gane aikin.

"Ɗora ni."

Ta rungumo shi ta hammata, ta yunƙura sau uku, ta kasa. Ta zauna a bakin gado tana haki.

"Bar shi," ya ce. "Matso da ita nan kusa da kaina."

Ya juya fuskarsa, ya fara ba wa kujerar labarin yadda ya kwana.