Gizakar Bakin Ƙofa

Naduk ta zo ɗaukar mahaifinta, Ululik, zuwa gidan tsofaffi na birni. Ta ce ba zai sake yin hunturu shi kaɗai a ƙauyen nan na ƙanƙara ba.

Tana fitar da kayansa sai ta ture wani dutse a bakin ƙofa. A ƙarƙashinsa ta ga gizaka a dunƙule, ta daskare ƙam. Tausayi ya kama ta, ta kai ta gefen murhu.

"Mayar da ita inda kika same ta," in ji tsohon.

"Haba Baba, sai ta mutu?"

"Wa ya ce miki mutuwa take yi? Jira take. Kowane rani takan farka, ta ɗan ci ganye, ta koma ta daskare. Haka za ta yi ta yi shekara da shekaru kafin ta yi fiffike."

"Kai dai ba ka son ɗumi, shi ke nan," ta ce tana dariya.

Da ɗumi ya ratsa gizakar, sai ta motsa. Ta yi ta zagaya ɗakin tana neman ganye, alhali waje duk fari fat. Ranar tafiya suka same ta a gindin bango, ta bushe.

Ululik ya ɗora ta a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya jawo jakarsa.

"'Yata, gidan nan da za ki kai ni, kin ce akwai ɗumi sosai, ko?"