Sifaniyancin Malam Mainasara

Jikata Nana Hauwa shekararta biyar, sunan marigayiyar matata ta ci, kuma ban taɓa faɗa mata abin da ta gane ba. A Sifen aka haife ta, inda ubanta Mustapha ke tuƙin mota. In ya miƙa mata waya sai ta dube ni kamar hoton kalanda, ta miƙa masa abarsa.

Na ce zan koyi harshenta. Wani malami a Sakkwato ya yanka mini kuɗin da ya fi buhun gero kowane wata, na bar masa iliminsa. A tashar Boɗinga aka kwatanta mini Malam Mainasara na Mandera, wanda ya shekara tara a Sifen yana tsinkar tumatir.

"Nawa za ni biya?" na ce.

"Haba Alhaji! Kuɗin Laraba kaɗai."

Ya ɗauko allo ya rubuta mini layi uku da ajami. Na tambayi ma'ana.

"Yaushe anka fara ba ɗalibi fassara tun bai hardace ba? Haka munka koya can. Biya!"

Ni da na karantar shekara talatin, na zauna kan buzu ina biyawa. Wata biyu ina hawa motar Shagari zuwa Mandera, ina wanke allo. Ya ce in ɗaga murya, in ɗaure fuska, haka masu harshen ke yi. Wannan bai ba ni wuya ba.

Ranar Juma'a Mustapha ya kira. Na ce a ba ni amaryata. Na ɗaure fuska na zuba mata layi ukun.

Yarinyar ta zaro ido, ta ajiye wayar ta ruga. Sai rufin ɗaki nake gani, ina jin dariyar uwarta.

"Baba, wa ya koya maka wannan?" in ji Mustapha.

"Mi nac ce?"

"Ka ce, 'Maza, raguwa! Ɗauko akwati! Ba hutu yau!' Maganar shugaban lebura ce."

Ban gama zagin Mainasara a zuci ba sai ga ta ta dawo tana haki, rungume da akwatin kayan wasanta. Ta dire shi gaban wayar, ta yi mini doguwar magana, ta tsaya tana jira.

"Mi take so kuma?"

"Wai sai me za ta ɗauko?"

Na duba allon. Layi uku ne, na kuma cinye su.

Ranar Laraba na koma Mandera, na ce ya ƙara mini na gaba.