Zannuwa a Kan Murjanin Nurlela

Nurlela na tsugune tana kankare gansakuka a jikin tanki sa'ad da iska ta taso daga teku. Kafin ta miƙe, ragar inuwar da ke saman tankunanta ta yage daga jikin gora, ta haura rufin masallaci, ta faɗa can cikin ruwa.

Rana ta kusa tsaka. A tsibirin nan sai da yamma janareta ke tashi, don haka Nurlela ba ta taɓa sa wa murjaninta fitila irin ta masu kiwon murjani a birnin Makassar ba. Da hasken rana ta raine su, raga na tace shi. Idan babu ragar, ruwan tankin zai ɗau zafi, murjanin ya koɗe fat ya mutu kafin la'asar. Gutsattsari ne ta tsinto a bayan tsibiri, inda masunta suka ragargaza ƙasan teku da bam shekarun baya. Yanzu sun yi rassa kamar ƙahon barewa, bakinsu shuɗi, wata mai zuwa za ta mayar da su teku.

Ta ruga ɗaki ta kwaso zannuwanta. Ba su rufe ko tanki guda ba.

Yayanta Tompo na gindin kwakwa yana ɗinkin koma da yatsun da bam ɗin kifi ya bar masa.

"Daeng, taso ka kama min!" ta ce, da laƙabin girmamawa da suke kiran yaya da shi.

"Duwatsun naki ne ke jin zafi? Saya musu hula mana."

"Daeng, wallahi mutuwa za su yi."

Ya dubi fuskarta, dariyar ta tsaya masa. Ya ajiye komar ya sungumi gorar tuƙa kwale-kwale.

Nurlela ta bi layi babu takalmi tana buga ƙofofi. Matan da ke shanya kifi suka bar faifansu, kowace ta fito da abin da hannunta ya kai: zanen barci, labule, mayafin salla. Hajiya Saribanong, tsohuwar da ke sayar da gasasshiyar ayaba a bakin gadar da jirage ke tsayawa, ta iso tana haki da ƙunshi a hammata. Da ta warware, sai ga zanen siliki ja da kore na bikin jikarta.

"Hajiya, ruwan gishiri zai ɓata shi," in ji Nurlela.

"Ke dai ɗaura. Ango ita zai kalla, ba zane ba."

Suka ƙulla bakin wannan da na wancan. Gorar da ke tsakiya ta karye tun da iskar farko, ba inda za a kafa wata, sai Tompo ya tsaya a wurin ya ɗaga tasa sama. Iska na fizga, yana turjewa. Nurlela na zagaya tankunan tana tsoma gwiwar hannu tana jin ɗumin ruwan, mata na miƙo mata bokitin ruwa mai sanyi daga ƙarshen gada.

"Tompo, yau ka zama ginshiƙi?" wata ta tsokane shi.

"Da ma matata ta ce abin da na iya ke nan."

Aka kira azahar, suka yi salla bi da bi. Shi kam sai da wani masunci ya karɓe shi, ya je ya dawo ya ce a ba shi gorarsa.

Da rana ta karkata, suka kwance zannuwan. Nurlela ta sunkuya a kan tankin farko. Na gefen yamma, inda inuwa ba ta kai ba, sun yi fari kamar ƙashi. Ta ɗebe su ɗaya bayan ɗaya ta sa a kwano. Sauran kuwa launinsu na nan. Tana kallo ƙananan bakunansu suka fara buɗewa, suna kaɗawa a hankali cikin ruwa.

Matan suka taru suna leƙe. Yawancinsu kullum ta nan suke wucewa, amma yau suka fara tsayawa.

"Ashe rai gare su!" in ji Hajiya Saribanong.

A daidai nan jirgin fasinja ya tsaya a gada. Wani baƙo mai jaka ya ratso, ya ga taro, ya tambaya ko na wane ne wannan.

Tompo ya gyara tsayuwa, kafaɗunsa na rawa don gajiya. "Na ƙanwata ne. Da hannunta ta raine su. Je ka duk tsibiran nan, in ka ga irinsu ka dawo ka faɗa min."

Nurlela ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ninke labulen wata.

Da mutane suka watse, Tompo ya tsaya a bakin tanki yana murza wuya.

"Ranar da za ki kai su teku, a jirgin wa?"

"Ban samu ba tukuna, Daeng."

"Kin samu, ga nawa. Na san inda ramukan bam ɗin suke."

Ta miƙa masa kofin shayi, ya karɓa da hannu biyu.